Wanda Aka Baro a Gindin Marke

Jama'a, abin da zan ba ku labari a gabana ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba, kuma wallahi tallahi in na ƙara masa gishiri Allah Yana gani. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na bar shi. A shekarun da abin ya faru ni direba ne, ina jan wata tsohuwar motar kaya da sai an tura take tashi, ina kwasar masara da waken suya daga Sabuwa da Yankara in kai Ƙanƙara, wani lokaci in wuce gaba. Duk wanda ya san yankin nan ya san irin shekarun da nake nufi, lokacin da in mutum ya fita da safe sai iyalinsa su bi shi da addu'a har ya sha kwana.

Ina da taubashi sunansa Isuhu, ɗan gwaggona ƙanwar mahaifina. Tare muka tashi, kuma tun muna yara ba a raba mana gardamar wane ne bawan wani ba, kowa cewa yake shi ne ubangida. Manomi ne, amma ranar kasuwar Yankara yana gasa balangu, kuma ban taɓa ganin mutum mai son daɗin bakinsa irin Isuhu ba. Zai tsayar da kai da rana tsaka yana yi maka bayanin yadda kitsen tunkiya ya bambanta da na akuya a harshe, yana lumshe ido, kai kana jin yunwa shi yana wa'azi. Ni kuwa aikina in zauna a bencinsa in ci in ƙoshi, sannan in ce naman ya yi tauri.

A farkon wata damina 'yan bindiga suka ɗauke shi a gona tare da wasu mutane. Ba zan tsaya ba ku labarin abin da muka sha ba, gidan da aka taɓa ya riga ya sani, wanda ba a taɓa ba kuwa Allah Ya ci gaba da tsare shi. Aka sayar da abin da za a sayar, aka yi abin da za a yi, bayan wata da watanni suka sako su. A sume aka kawo mana Isuhu da zazzaɓi, ya rame har sai ka duba da kyau, wuyan ƙafarsa na dama duk ya saluɓe inda igiya ta ci.

To, ya warke fa. Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe. Ya warke sarai, ya mayar da jikinsa, ya koma gona, ya koma kasuwa, namansa bai canza ba ko kaɗan, yana sallarsa cikin jam'i, yana wasa da 'ya'yansa, in na tsokane shi ya rama har ya fi ni. Mutane suna ta cewa ai Isuhu Allah Ya yi masa gyaɗar dogo, wasu sun dawo ba su ƙara zama daidai ba, shi kuwa ga shi garau. Ni ma haka na ɗauka, har na koma kushe masa nama da zuciya ɗaya.

Sai wata ranar kasuwa ina zaune a bencin, ya kai hannu zai juya nama ya dafe ƙarfen gashin da zafinsa. Ya ce "wash!" ya fizge hannu yana yarfewa, ya sa yatsa a baki, ni kuwa me zan yi in ba dariya ba, na ce alhakina ne. Shi ma ya yi dariya. Da masu saye suka ragu sai ya matso kusa da ni, murmushin bai ma bar fuskarsa ba, ya ce da ni a hankali, "Ka ji wanga ihun da na yi? Baki ne ya yi shi. Hannu ya janye don aikinshi ne. Ni ban ji komi ba. Tun da aka maido ni ban ji komi ba a nan."

Na ce, "To in ba kowa ciki, wa ke mani magana yanzu, bawan banza?"

Ya ce, "Ba ka taɓa shiga ɗaki ka ishe rediyo shina ta zuba, mai ɗakin ya tahi gona ba?"

Ya ci gaba da yi mini bayani, yana yi yana yanka albasa. Ya ce duk abin da ake yi a nan ya sani, amma sanin labari ne, irin wanda aka ba ka ba ka nan. In ya ɗanɗana nama harshe zai gaya masa gishiri ya ji, kuma ya ji ɗin, amma daɗin ba ya isowa gare shi. Ya nuna mini manja a kwalba ya ce ya san ja ne, in an tambaye shi ba zai yi kuskure ba, amma jan nan da mutum ke gani ya cika masa ido, shi rabonsa da shi tun a daji. Na ce to kai me kake ji? Ya ce ƙasa yake ji a haƙarƙarinsa na hagu, da wata saiwar marke da ta tokare shi a kwiɓi, da igiya a ƙafa, da tururuwa, da warin kashin shanu da hayaƙi, da rana in ta ratso ganye ta sauka masa a kunci. Na ce ai tunawa kake yi, duk wanda ya sha wuya yana tunawa. Ya girgiza kai ya ce, "Ba tunawa nike ba. Tunawa na san ta. Ina can ne yanzu, da muke maganan nan."

Innalillahi! Ranar ban iya ƙarasa naman da ke gabana ba, kuma shi ya lura, har ya tsokane ni wai yau maƙoshina ya yi tuba.

Ba mu zauna ba. Ni da matarsa Hinde, wadda ashe ta riga ni ji ta rasa wa za ta gaya wa, muka kai shi asibiti, likita ya saurare shi da natsuwa ya ce firgita ce, ana samun haka ga waɗanda suka fito daga hannun mutanen nan, ya rubuta ƙwayoyi. Isuhu ya sha, ya riƙa barci har da minshari, da safe ya ce jikin ya huta amma shi kwana ya yi sauro na cinsa. Muka kai shi wurin malamai aka yi ruƙiyya, aka yi turare, aka sha rubutu, ba aljanin da ya yi ko tari. Wani malami dattijo a Faskari, Allah Ya saka masa da alheri don bai yaudare mu ba, ya ce mana shi bai ga shafar aljani ba, kuma sha'anin rai ɗan Adam ba a sanar da shi ba sai ɗan kaɗan, mu yi ta addu'a.

Ni kuma da taurin kaina na ce sai na kama shi da ƙarya. Na sa Hinde ta zambaɗa masa barkono a miya, irin wanda ko ni sai na tashi tsaye. Ya ci, idonsa ya kawo ruwa, hanci ya zuba, ya nemi ruwa ya sha yana hura baki, sannan ya dube ni ya ce na yi asarar barkono. To jama'a ku taya ni, zafin nan ina ya tafi? Ga hawaye, ga majina, ga mutum yana neman ruwa, duk alamar zafi ta cika, sai zafin ne kaɗai babu. Kuma da na zauna na yi tunani sai na ga in ni aka ce in kawo shaidar ina jin zafi, ba ni da abin da zan nuna da ya wuce hawayen nan da majinar nan. Daga nan abin ya fara taɓa ni. Mu direbobi mun san wani abu da ba mu cika faɗa ba, sau da yawa za ka taso daga Faskari hankalinka ya tafi wani wuri, sai dai ka farga ka ga kana shiga Ƙanƙara, ka kauce wa ramuka, ka ba awaki hanya, ka canza giya, amma ba ka nan. Wa ya yi tuƙin? Da can ban taɓa tambaya ba. Yanzu sai in riƙa leƙa fuskar wanda ke zaune kusa da ni a mota ina cewa a raina, shin kai kana ciki kuwa? Har matata na yi wa irin kallon nan tana kwasar tuwo, ta ce lafiya, na ce lafiya lau.

Da wata daminar ta zagayo, muna zaune da la'asar a ƙofar gidansa, rana fayau, ko gajimare babu, sai na ga ya ƙanƙame jiki haƙoransa na haɗuwa. Ya ce ruwa ake yi masa, mai ƙarfi, har ya fara kwanciya a ƙarƙashinsa. Na taɓa rigarsa a bushe, na taɓa wuyansa na ji sanyi kamar gindin randa. Washegari mutanen ƙauyukan yamma da suka shigo da ƙafafu duk taɓo suka ce jiya da la'asar an tafka ruwa ta wajen daji. Na ce a raina to damina ce, kullum ai ana ruwa a wani wuri. Haka na riƙa lallashin kaina.

Wanda ya warware mana, ko in ce ya ƙara ɗaure mu, wani dattijo ne Malam Garba daga wajen Tafoki, wanda aka tsare su tare. Ya zo gaishe da Isuhu, muna zaune a tsakar gida har da Gwaggo, mahaifiyar Isuhu, tana tsince wake. Cikin hira yake ba da labarin ranar da aka sako su. Ya ce mutanen sun zo a gaggauce suka yanke igiyoyi suka ce kowa ya tashi ya kama gabansa, Isuhu kuwa zazzaɓi ya kwana yana gasa shi, sai da hantsi barci mai nauyi ya ɗauke shi. Sauran waɗanda aka tsare suka ji tausayinsa, suka ce bawan Allahn nan yau ne ya samu barci, kada a tashe shi, suka ɗauke shi cak a yadda yake suka riƙa karɓa-karɓa har bakin hanya.

Gwaggo ta tsaya da tsintar wake. Ta ce, "Malam, da za ku ɗaukai, kun kira sunanshi?"

Ya ce, "A'a Hajiya, ai lallaɓawa muka yi don kar shi hwarka."

Ta ce, "Ba wanda ya kira shi ya amsa?"

Ya ce babu.

Gwaggo ta ajiye faifan a ƙasa. Ita dangin uwarta mutanen gargajiya ne kafin su musulunta, kuma akwai abubuwan da ta taso da su waɗanda ba ta taɓa saki ba. Ta ce a wurinsu ba a ɗaga mai barci daga makwancinsa sai an kira shi ya amsa, ko da jariri ne sai an ambaci sunansa ya motsa, domin kurwar mai barci fita take yi yawo, in ta dawo ta tarar an ɗauke jikin ba ta san inda za ta bi ba, sai ta kwanta a gurbin a yadda ta bar shi, ta yi ta zama. Ni na sha ganin tsofaffi suna yi wa jarirai haka, ina ɗauka wasa ne irin na kaka da jika. Malam Garba ya fashe da kuka yana cewa wallahi tausayi ne, wallahi tausayi ne, Isuhu kuwa shi ke ba shi haƙuri yana cewa ai ko shi ne haka zai yi.

Maganin a wurin Gwaggo ɗaya ne, a je gurbin a kira shi har ya amsa, a taho da shi. To wa zai je? Marken nan yana can cikin ƙungurmin daji, tafiyar yini da ƙafa, a tsakiyar mutanen da suka ɗaure shi. Na gaya mata haka, na ƙara gaya mata, ta ce ta ji, amma za ta je iyakar inda ƙafa ke iya zuwa, in ban kai ta ba za ta tafi ita kaɗai. Lokacin kaka ne, kuma ya dace da watannin nan da aka katse layin waya a yankinmu aka rufe kasuwanni, ba ka da hanyar jin labarin kowa sai ka taka ka je. Hinde ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu mijinta ba zai ƙara kusantar dajin nan ba, don haka ba mu gaya masa ba, muka ce gaisuwar mutuwa za mu.

Na kai mu a mota har inda mota ke tsayawa, muka ƙarasa da ƙafa zuwa wata 'yar unguwa da ta rage gidaje kaɗan masu mutane. Wani manomi ya yarda ya raka mu gonar ƙarshe, wadda dawarta ta nuna ta sunkuya ba mai yanka, daga bayanta sai itatuwa. Azahar ta yi ko ta kusa. Gwaggo ta gyara mayafinta ta fuskanci daji. A nan ne na tuna abin da ban yi tunaninsa ba tun da muka taso: Isuhu ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, "wancan" take cewa, ko "mai naman nan", ko fuskarsa ba ta cika kallo ba a gaban mutane. Sai ta buɗe baki ta ce, "Isuhu!" Ta sake kira, a tsakiyar sunan tari ya sarƙe ta, ta dafa karan dawa. Ni kuma da na ga haka sai na ɗaga murya iyakar ƙarfina na ce, "Isuhu, taso mu tahi gida, dawa ta nuna, wa kake so shi yanke maka?" Muka yi shiru muna saurare. Ba mu ji komai ba sai kurciya. Can sai ga ƙarar babura daga cikin itatuwa, manomin nan ya ce mu ruga, na ɗauki Gwaggo a baya muka bi ta cikin dawa.

Da la'asar sakaliya muka iso gida. Hinde na tsaye a zaure fuskarta duk ta canza, ta ce tun azahar Isuhu yana cikin gyaran rumbu ya faɗi a tsakar gida ta gefen hagu, yana ta fizgar ƙafarsa ta dama, bakinsa a buɗe amma ko sauti bai fita ba. Muka shiga muka same shi a zaune a ƙasa hawaye na zuba. Ya ɗago ya dubi uwarsa, ya yi magana da wata murya a dushe, irin ta wanda ya wuni yana ihu.

"Inna, kin kira sunana."

Gwaggo ta juya fuska wajen bango.

"Kin kira har tari ya kama ki. Kai kuma ka ce dawa ta nuna. Daga nesa ƙwarai, ta gabas. Na amsa, wallahi na amsa, na yi ta amsawa har muryata ta ƙare, igiya ta hana ni tashi. Ba ku ji ba?"

Jama'a, tsakanin gonar da muka tsaya da marken nan ko harbin bindiga ba zai kai ba, balle muryar tsohuwa. Tsakanin gonar da gidan Isuhu kuwa tafiyar mota ce, ba waya, ba wanda ya riga mu isowa. Na tsaya ina so in ce masa mun ji, in yi masa ƙarya ko don ya samu sauƙi, amma Gwaggo ta riga ni. Ta ce, "Ba mu ji ba." Ta shiga ɗaki.

Kafin a gama sussuka mutanen 'yar unguwar nan suka watse gaba ɗaya, hanyar ta koma ta mutanen daji, ko soja sai da shiri suke bi. Gwaggo ta kwanta ciwo, ba ta ga wata kakar ba, Allah Ya jiƙanta. Isuhu ya yi mata salla da addu'a, yana cikin masu ɗaukar makara, ya yi kuka kowa ya tausaya masa, ni kaɗai na kasa kallonsa domin na san abin da zai ce in na tambaye shi.

Yana nan da ransa har yau da nake rubuta muku wannan. An buɗe kasuwa ya koma gashinsa, Hinde ta ƙara haihuwa, ya yi furfura a gemu, in kun je Yankara wataƙila ma ku ci namansa ku yaba, ku ce kai mutumin nan akwai fara'a. Mun daina maganar, sai kwanan baya da na zauna a bencinsa ba kowa kusa, ya ce da ni ba tare da ya ɗago ba, "Da ba ku zo ba da ya hi mani."

Na ce saboda me?

Ya ce, "Da can kwance nike kawai, na saba, ban san ana iya zuwa ba. Yanzu ko icce ya motsa sai in ce ku ne." Ya juya nama, sannan ya ce, "Yaushe za ka komo?"

Mutum yana zaune gwiwarsa na gogar tawa yana tambayata yaushe zan komo. Na ce in hanya ta yi kyau, in sha Allahu. Ya gyaɗa kai ya ce to, wani ya zo saye ya tashi ya tare shi da dariya.

Ni ba malami ba ne, ban san abin da ake kira wannan ba, kuma na gaji da masu yi mini bayani, kowa da nasa, babu wanda ya zauna da Isuhu ko na wuni ɗaya. Abin da zan ce muku kawai, ku yi wa waɗanda suka dawo daga daji addu'a ko kun ga suna dariya, don ba ku san iya abin da ya dawo ba. Kuma kada ku sa wa mutum rai da zuwa in kun san ba ku da hanyar isa gare shi. Hanyar nan ba ta yi kyau ba, ban ga alamar za ta yi ba, ina da 'ya'ya ƙanana, na san ba zan koma ba. Shi kuma yana can gindin marke yana saurare.